Hanyar da babu mai ita: rikicin kuɗin gyaran hanya a unguwannin awon igiya

Da zarar marka ta kama a watan Agusta, sababbin unguwannin da suka kewaye Kano ta wajen Ungogo da Kumbotso da Gezawa da Dawakin Kudu sukan shiga hali iri ɗaya. Hanyar da ta haɗa su da bakin titi ta koma taɓo, mai adaidaita sahu ya ce iyakarsa kwalta, wanda naƙuda ta kama iyalinsa cikin dare ya rasa motar da za ta shigo. Sai a kira taro bayan isha'i, ko a ƙofar gidan mai unguwa, a yanka wa kowane gida kuɗi, a naɗa kwamiti, a ce za a sayo tifa kaza ta marmara. Wasu su biya nan take, wasu su ce sai ƙarshen wata, wasu kuma ko sallama aka yi a ce ba sa nan. Kafin wata damina ta zagayo hanya ta koma gidan jiya, an kuma ƙaru da gaba tsakanin mutanen da ke tsayuwa sahu ɗaya a masallaci.

Idan ka tambayi 'yan kwamiti za su ce rowa ce da rashin kishin unguwa. Akwai masu rowar, ba a musu. Amma mutanen nan su ne ke haɗa kuɗin likkafani cikin awa ɗaya idan an yi rasuwa, su ne ke rufa masallaci da karo-karo ba tare da an kai ruwa rana ba. Saboda haka ni ban yarda rowa ce tushen abin ba. A ganina an haifi rikicin ne tun ranar da aka yanka gonar, kafin ɗaya daga cikin masu faɗan ya aza tubali.

Ga yadda unguwar awon igiya take samuwa. Gari ya matso kusa da gona, kuɗin fili ya fi abin da gero zai kawo, sai mai gona ko magadansa su sayar wa wani mai jari. Shi kuma ya zo da dillalai da mai awo, a ja igiya, a kafa turaku, a fitar da fuloti-fuloti. Kowace ƙafa da aka bar wa hanya asara ce a wurin mai sayarwa, don haka ake barin mafi ƙanƙantar abin da mai saye zai iya haƙura da shi. Ba a duba ta ina ruwan gonar yake bi da can, ba a ware wajen magudana, wani lokaci ma kwarin da ruwa ke taruwa shi ma a sayar da shi da rani ga baƙon da bai taɓa ganin wurin da damina ba. Takardar ciniki tana faɗin tsawon fili da faɗinsa da maƙwabtansa na gabas da yamma, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Ba ta cewa komai game da layin da ke ƙofar gidan: na wa ne, wa zai gyara shi, da wane kuɗi. Mai sayarwa ya kwashe ribar kowane fuloti, ribar da hanyar ce ta ba ta daraja, ya tafi neman wata gonar. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma a wannan cinikin wanda ya ci ladan ba ya nan ranar askin.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma raba ta biyu: wadda aka ayyana birni ce gwamna ke kula da ita kai tsaye, sauran kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallakarta bisa al'ada. Unguwannin da muke magana a kansu sun faɗa tsakiya. A takarda gonaki ne, a zahiri gari ne mai dubban mutane. Hukumar tsara birane ta Kano, wato KNUPDA, ba ita ta zana su ba, don haka layukansu ba sa cikin tsarin da ta amince da shi.

Wanda ya miƙe a taro ya ce, "Malamai, wannan fa aikin gwamnati ne, ba namu ba," akan yi masa kallon mai neman hanyar zillewa. Sai dai maganarsa tana da madogara. Hanyoyin Najeriya kashi uku ne: na tarayya, waɗanda aka kafa hukumar FERMA a 2002 don gyara su, da na jiha, da na ƙananan hukumomi. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki har da gina hanyoyi da layuka da magudanan ruwa da kula da su, da sanya wa layuka suna da ba gidaje lamba, da kuma ƙiyasta gidaje don karɓar haraji a kansu. Wato wanda doka ta ba ikon karɓar kuɗin gida shi ne ta ɗora wa nauyin layin da ke ƙofar gidan. Shekara da shekaru uzurin ciyamomi shi ne kuɗinsu na maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Ko da hukuncin ya tabbata a aikace yadda aka rubuta shi, layin da ya ratsa gidaje 40 a bayan gari yana can ƙarshen jerin gwano, bayan albashi da asibitin sha-ka-tafi da rufin firamare. Mutumin da ya miƙe a taron ya yi gaskiya, amma gaskiyarsa ba za ta fitar da mota daga taɓo bana ba, shi ya sa maƙwabtansa ke jin haushinsa.

To sai ƙungiyar unguwa ta ɗauki aikin, alhali ba ta da sandar tilastawa. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, kuma a 2020 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, a ƙarar da wani kamfani ya shigar kan ƙungiyar mazauna wani rukunin gidaje a Gbagada, ta ce ba a tilasta wa mutum zama ɗan ƙungiya don kawai yana zaune a wurin. Idan samari suka gicciya sanda a bakin layi suna karɓar kuɗi daga kowace mota, sun shiga wata matsalar, domin dokar haraji ta 1998 ta hana kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji, ko ga hukuma ma, balle ga kwamitin unguwa. Abin da ya rage wa kwamiti shi ne kunyatarwa. A karanta sunayen waɗanda ba su biya ba bayan sallah, a sa jerin a zauren WhatsApp na unguwa, a riƙa yi wa 'ya'yansu habaici. Wannan hanya tana aiki a kan talaka mai jin kunya, wanda zai ciwo bashi ya biya don kada a ambaci sunansa. Ba ta taɓa Alhajin da ke da fuloti 6 a layin yana zaune a cikin gari, domin ba ya masallacin kuma ba ya zauren. Ni a wurina karanta sunan mutum a masallaci kan kuɗin marmara cin mutunci ne, kuma yana lalata abin da ya fi hanyar tsada.

Inda aka fi tafka muhawara shi ne rabon kuɗin. Kusan ko'ina tsarin ɗaya ne: kowane gida kaza. Yana da sauƙin lissafi, yana kama da adalci, kuma nan take yake jawo ƙorafi. Na bakin layi ya ce, "Ni daga ƙofata zuwa kwalta taku 20 ne, don me zan biya daidai da na can ƙarshe?" Mai keke ya ce ba shi ya fasa hanyar ba. Mai kango ya ce, "Ai ban tare ba tukuna." Ɗan haya ya ce a nemi mai gida, mai gida ya ce ai ɗan haya ne ke bin hanyar. Kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya, kwamiti kuwa amsarsa ɗaya ce, wai an riga an yanke a taro.

Ƙorafin na bakin layi tsohon zance ne, malaman fiƙihu sun daɗe da zama a kansa. Sun bambanta hanya mai ɓullewa, wadda ta jama'a ce, da lungun da ba ya ɓullewa, wanda ke zaman tarayya tsakanin masu ƙofofi a cikinsa. Majalla, kundin dokokin mu'amala da Daular Usmaniyya ta tsara tsakanin 1869 da 1876 bisa mazhabar Hanafiyya, ta kawo ƙa'idar cewa ɗawainiya tana bin amfani, sannan ta fayyace yadda za a raba kuɗin gyaran irin wannan lungu. Ana farawa daga bakinsa. Yankin farko kowa na bin sa, don haka kowa zai biya. Da an wuce ƙofar mutum na farko ya fita daga lissafi, sauran su raba yanki na biyu, haka har a kai ƙarshe, inda na ƙarshen zai ɗauki yankinsa shi kaɗai.

Mu ɗauki misali don a gani. Gidaje 10 a lungu guda, gyaran kowane yanki Naira 100,000, jimilla miliyan 1. A tsarin kowane gida kaza, kowa 100,000. A tsarin Majalla na farko zai biya 10,000 kawai, na biyu 21,000 da 'yan kai, na biyar kusan 65,000, na goma kuwa kusan 293,000. Bambancin ya nuna cewa na bakin layi ba rigima yake nema ba idan ya yi magana, ana karɓar ninki goma na abin da ƙafarsa ke takawa.

Duk da haka ba zan ce a ɗauko wannan lissafin a kifa shi a kan unguwanninmu yadda yake ba. Fulotin bakin hanya shi ya fi tsada, mai hali ne ya saye shi, wataƙila har da shaguna ya fitar. Na can ƙurya mai arha ne, malamin firamare ne ko ɗan ga-ruwa ya tara ya saya. Tsarin da zai sa wanda ya fi kowa rauni ya biya kusan ninki 30 na wanda ya fi kowa hali zai rushe a taron farko. Sannan akwai ruwa. Abin da ke cin hanyar ƙasa ruwa ne kafin taya, shi kuwa ruwa daga tudu yake gangarowa. Majalla ɗin ta yi wa magudanar tarayya irin wannan lissafi, amma daga ƙasa zuwa sama: wanda ruwansa ke ratsa ƙofar kowa shi ke biyan kaso a kowane yanki. A layin da bakinsa ke kan tudu ƙarshensa ke kwari, kamar yadda yake a wurare da yawa tunda akan ɗaga titin kwalta sama da gonakin gefensa, na bakin layi yana da ɗan kaso a kuɗin hanya amma babban kaso a kuɗin lambatu, domin ruwan indararonsa ne ke kwana a ɗakin na ƙarshe. Idan aka haɗa lissafin biyu sai su kusa cinye juna. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da na sani ta kare tsarin kowane gida kaza, kuma ban cika jin kwamitoci suna kawo ta ba. Da za a zana wa na bakin layi ita a ƙasa da tsinke, ina kyautata zaton zai fi saurin sa hannu a aljihu fiye da idan an ce masa taro ya yanke.

Inda tsarin bai da abin kare kansa shi ne batun manyan motoci. A gwajin da injiniyoyi suka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, sun gano cewa ɓarnar da mota ke yi wa titi ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinta: idan nauyin da ke kan aksul ɗaya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, ya ninka sau 2, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. A kan kwalta da kankare aka yi gwajin, amma duk wanda ya ga sawun tifar yashi a jiƙaƙƙen burji ya san abin ya fi haka muni a wurinmu. Shigowar tifa ɗaya bayan ruwan dare tana yin abin da baburan layin gaba ɗaya ba za su yi a shekara ba. Gidan bulo, da mai sayar da ruwan tanka, da mai kamfanin ruwan leda, da duk wanda ke cikin gini, su ne ke cin hanyar, kuma ba daidai ba ne a yanka musu abin da aka yanka wa bazawarar da ko keke babu a gidanta. Maganin ba sanda a bakin layi ba ne. A je wurin mai ginin ko mai sana'ar, wanda ke da fili a unguwar kuma yake buƙatar zaman lafiya da ita, a yi yarjejeniya a rubuce gaban mai unguwa, ko ya biya kaso na musamman ko ya zuba tifa kaza ta marmara idan ya gama, kuma a daina shigo da kaya masu nauyi ranar da aka kwana ana ruwa.

Mai kango da mai filin da ya kewaye ya tafi su ne suka fi kowa cin riba a ɓoye. Ba sa taka hanyar, gaskiya ne, amma ranar da aka gyara ta kuɗin filinsu ya tashi, dillali kuma abin da zai fara faɗa wa mai saye shi ne mota tana zuwa har ƙofa. A wasu layukan filayen da ba a gina ba sun fi gidajen da aka tare yawa, ka ga mutum 15 na ɗauke da nauyin fuloti 40. Kason fili bai kamata ya kai na gida ba, amma bai kamata ya zama babu ba. Batun haya kuwa a ganina mai sauƙi ne: abin da zai daɗe, kamar kwalbati da lambatu, na mai gida ne domin dukiyarsa ce ke ƙaruwa, yashe kwata da cike rami na shekara-shekara kuma na wanda ke zaune ne.

Sai tambayar da ke kashe kowane taro: "Ina kuɗin bara?" Akan ɗauke ta zargin sata ne, ma'aji ya fusata ya ajiye littafi. Wani lokaci zargin ne, kuma kwamitin da ke karɓar kuɗi ba rasit, yana ajiye su a asusun mutum ɗaya, shi ya jawo wa kansa. Amma sau da yawa babu wanda ya ci ko kwabo, kuɗin bara suna can kwance a kwari, ruwa ya tafi da su. An zuba marmara a watan Agusta a kan taɓo, babu abin daddanne ta, babu doro a tsakiya da zai karkatar da ruwa gefe, babu lambatun da zai karɓe shi. Ko kuma an ɗauko gireda ta kankare layin ya yi sumul, kowa ya yaba, alhali ta ƙara zurfafa shi ƙasa da dandamalin gidaje, ya zama shi ne rafin unguwar. Kowane mai gida kuma ya tula ƙasa a ƙofarsa don ya kare kansa, ruwan ya koma wa maƙwabci. Kwamitoci na son marmara saboda ana ganin ta, tifa ta juye kowa ya shaida an yi aiki. Kwalbati ɗaya a inda ruwa ke tsallaka hanya zai iya cinye kuɗin shekarar duka, kuma tun bayan cire tallafin mai da faɗuwar Naira a 2023 siminti da rodi da hayar mota sun ƙara nisa da aljihun mutane. Duk da haka shi ne aikin da ba a sake biyan kuɗinsa baɗi. Mutumin da ya biya sau uku bai ga canji ba yana da dalilin ƙin biya na huɗu, ko da ya yarda da amanar ma'aji ɗari bisa ɗari.

Ba mu kaɗai ke wannan faɗan ba. A karkarar Amurka akwai ɗimbin hanyoyin da 'yan kasuwa suka fitar lokacin yanka gonaki, hukuma ba ta karɓe su ba, maƙwabta na kai juna kotu kan tsakuwa da kwashe ƙanƙara. Bambancin shi ne an ba su abin riƙewa. Dokar jihar Kalifoniya ta ce masu haƙƙin bin hanya ɗaya su raba kuɗin gyaranta bisa yarjejeniyarsu, in babu yarjejeniya kuma gwargwadon amfanin kowa. A jihar Men, idan hanya tana amfanar filaye 4 ko fiye, masu 3 daga ciki na iya sa a kira taro a hukumance, a kafa ƙungiya, abin da aka yanka kuma ya zama bashin da za a iya bi ta kotu. A wurare da yawa ma sharaɗin yana cikin takardar filin, duk wanda ya saya ya saya da shi. Nauyin yana bin fili, ba ya dogara da ko mai shi mutumin kirki ne.

Wannan ɓangaren ba ya buƙatar jiran majalisa. Cinikin fili a awon igiya ba ya ƙarewa sai da hannun mai unguwa ko dagaci, kuma wannan hannun shi ne ƙarfi mafi girma da unguwa ke da shi. Mai unguwa na iya ƙin shaida sabon yanka har sai an nuna masa faɗin layi da mafitar ruwa, an kuma ware wani abu daga kuɗin fulotan don kwalbatin farko. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce idan aka yi saɓani kan hanya a sanya faɗinta kamu bakwai, wato mita 3 da ɗoriya, a zamanin da raƙumi mai kaya ne mafi girman abin da zai wuce. Layin da zai ɗauki motar kashe gobara da lambatu hagu da dama yana buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba. A tsofaffin layuka kuma, inda an riga an gina, duk filin da zai sauya hannu ana iya ƙara layi ɗaya a takardarsa: mai saye ya karɓi kason gyaran hanya, kuma bashin da ke kan filin a cire shi daga kuɗin ciniki kafin a sa hatimi. Mai filin da ya shekara 5 ba a gan shi ba zai zo da ƙafarsa ranar da ya samu mai saye. Na san akwai masu unguwannin da ke samun la'ada a kowane ciniki, kuma ba za su so abin da zai rage gudun kasuwa ba. Nan ne hakimi da kansila ke da aiki, domin ƙaramar hukumar da ba ta da kuɗin gireda tana da ikon yin dokar cikin gida da za ta amince da kwamitocin layi, ta ba su rasit mai lamba, ta kuma turo ma'aikacin sashen ayyuka ya nuna musu inda ruwa zai bi kafin su kashe ko sisi.

Lokacin karɓar kuɗin ma yana cikin abin da ke haddasa faɗan. Ana yanka shi a tsakiyar damina saboda a lokacin ne abin ke ciwo, alhali a lokacin ne hatsi ya fi tsada, manomi ya zuba abin hannunsa a taki, ga kuɗin makarantar Satumba na tafe. Idan aka karɓa kaɗan-kaɗan daga kaka, aka haƙa lambatu aka zuba kwalbati tsakanin Fabrairu da Afrilu ƙasa na bushe, tifa za ta shiga har ƙarshen layi ba tare da ta fasa abin da aka zo gyarawa ba.